Filin Tambaya da Amsa: Wasan Kwaikwayon Yara

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato wasan kwaikwayo tsakanin yara. Mun zaɓi bakwai, kuma masu koyar da wasan kwaikwayo da ke taimaka wa wannan fili ne suka amsa su.

Assalamu alaikum. Ni malamar Hausa ce a wata firamare a Funtuwa. Hedimasta ya ce in shirya wasa don Ranar Yara, 27 ga Mayu. Yarana sun haura 70, ba mu da ɗakin taro, ba mu da ko sisi. Na rubuta wasa mai shafi 12 don su haddace. Ta ina zan kama?

Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da ajiye shafukan nan 12 a cikin jaka. Yaron da aka miƙa wa takarda aka ce ya haddace, hadda kawai zai koya, ita kuwa ya iya ta tun daga makarantar allo. Abin da wasa ke ba shi, wanda darasin aji bai cika ba shi ba, shi ne ya ce "don me?" sannan ya tashi ya gwada amsar da jikinsa.

Mutum ɗaya ba ya iya riƙe yara fiye da 15 zuwa 20 a wasa. Ki kasa su gida biyar, kowane gida ya ɗauki fitowa ɗaya ta labarin. Za ki ce ai ke nan Gizo biyar za a samu. Haka ne, kuma ba matsala. Ki nemo jar hula guda. Duk wanda take kansa shi ne Gizo, in fitowa ta ƙare ya cire ya ɗora wa na gaba a gaban jama'a. 'Yan kallo suna ganewa tun daga canji na farko.

Ki ƙirga mako takwas baya daga ranar wasa, ban da hutu. Haɗuwa biyu a mako, kowace minti 45. Minti goma na farko na warware jiki ne da wasannin da suka sani, gaɗa ko tafa-tafa ko wasan madubi, inda biyu za su fuskanci juna ɗaya ya riƙa kwaikwayon motsin ɗaya ba magana. Minti 25 na aiki. Goman ƙarshe kowa ya zauna, ki yi tambaya biyu kacal: me kuka gani, me kuke so ku sani? Malamai sun fi yanke wannan goman in lokaci ya ƙure, alhali ita ce cibiyar aikin. Tun da gida biyar gare ki, ki nemi malami ɗaya ko biyu su kama miki, ko ki ba kowane gida gindin bishiyarsa ki riƙa zagayawa.

Ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki a misali. Hankaki sun san wani ɓaure a tsakiyar kogi, suka ara wa Gizo gashin fiffike ya bi su, da aka je duk ɓauren da wani ya nufa sai Gizo ya ce shi ya fara gani, suka fusata kowa ya zare gashinsa suka bar shi a kan bishiya. Mako biyu na farko kada ki raba wa kowa matsayi. Ki ba da labarin da "ga ta nan ga ta nanku" kamar yadda kaka ke yi, sannan ki ce kowane gida ya nuna miki hoto: su tsaya cak kamar an ɗauke su a kyamara a daidai lokacin da ake zare wa Gizo gashi. Ki taɓa kafaɗar yaro ɗaya ki ce, "Me kake faɗa a ranka?" Jimla ɗaya ta isa.

Mako na uku da na huɗu ki kifa turmi ko bokiti a tsakiya, mai jar hula ya zauna, saura su yi masa tambayoyi yana amsawa da tsamin bakin Gizo. Tambayoyin farko ba su da nauyi, irin su ɓaure nawa ka ci. Ki yi haƙuri, ki yi shiru. Can wata yarinya za ta ce, "Me ya sa ba ka kai wa Ƙoƙi ko ɗaya ba?" Wani zai ce, "Da can an taɓa hana ka abinci ne?" Mai hula ba shi da rubutacciyar amsa, dole ya laluba cikinsa, kuma abin da zai fito da shi sau da yawa nasa ne, ba na Gizo ba. Kada ki gyara masa, kada ki ce "wato kai ma haka kake." Ki rubuta abin da ya faɗa kawai.

Akwai dabarar da wata malama 'yar Ingila, Dorothy Heathcote, wadda ta koyar a jami'ar Newcastle ta kuma rasu a 2011, ta shahara da ita: malami ya shiga wasan, amma a matsayin wanda bai sani ba, mai neman taimako. Ki yafa baƙin mayafi ki zama tsohuwar hankaka, ki ce, "'Ya'yana, idona ya mutu, ban ga abin da ya faru ba. Yanzu yaya za mu yi da wannan baƙo?" Za ki ga aji ya rabu, wasu su ce a bar shi ya mutu, wasu su ce ai mu muka kawo shi. Wannan gardamar ita ce wasanki.

A mako na biyar ne za ki ɗauki biro. Rabin shafi ga kowace fitowa, da kalmomin yaran. Na shida da na bakwai a haɗa fitowa biyar ɗin da waƙar amshi a tsakani. Mako na takwas a yi gwaji cikakke sau biyu, a ainihin wurin, a ainihin lokacin, da kayan wasa a jiki. Duk wasan kada ya wuce minti 20. Kogi kuwa zane shuɗi ne da yara huɗu ke kaɗawa, ɓaure tebur ne da aka jingina wa reshen darbejiya.

Ɗiyata shekararta tara. A gida tana surutu da ƙannenta, amma a makaranta ko sunanta aka kira sai ta sunkuyar da kai. Wata ta ce in sa ta cikin wasan kwaikwayo. Ba zai ƙara firgita ta ba? Daga wata uwa a Maraɗi.

Hajiya, zai firgita ta in aka tura ta tsakiyar fili rana ɗaya aka ce yi magana. A bi da ita hawa-hawa. Kuma mu bambanta abu biyu: kunyar da ke sa yaro ya rusuna wa babba tarbiyya ce, ba mai son ya raba ta da ita. Abin da ake so a rage shi ne tsoron da ke hana ta cewa "ban gane ba" a aji.

Matakin farko amshi. Murya goma na tafiya tare, tata ta ɓuya a ciki. Bayan mako biyu ko uku, 'yar tsanar hannu, kuma wannan a gida ma za ki iya. Tsohuwar safa, maɓalli biyu a ɗinka su zama idanu, ɗan jan ƙyalle ya zama harshe. Yatsu huɗu a sama, babban yatsa a ƙasa shi ne haɓa. Ki nuna mata ta riƙa sauke babban yatsan ga kowace gaɓar kalma, maimakon ɗaga na sama, in ba haka ba kan 'yar tsanar zai riƙa kallon rufi. A ɗaura zane tsakanin kujeru biyu ta zauna a baya. Ido ba ya kanta, yana kan safa, shi ya sa bakin ke buɗewa. Ke kuma ki yi hira da safar, ba da ɗiyarki ba: "Ke wace ce? Daga ina? Wa ya ɓata miki rai yau?" Abin da kika ji daga bakin safa ki riƙe shi a ranki, kada ki tare ta da shi bayan an gama, in ba haka ba gobe safar ma za ta yi shiru.

Daga nan sai fitowa marar magana amma mai aiki a hannu, kamar mai tankaɗe ko mai miƙa wa sarki ruwa. Hannun da ke da abin yi ba ya rawa. Sannan jimla ɗaya, tare da ƙawarta. Tsakanin amshi da jimla ɗaya ana iya shafe zango guda na karatu, ba laifi.

Ki bar ta ta zaɓi abin da za ta fito a kai. Masu shiru sukan ba da mamaki, su ce Kura suke so ko sarauniya mai faɗa. In ta yi, ki tambaye ta daga baya ina suka yi kama da Kurar, ina suka saɓa. Abu biyu kuma ki kiyaye: kada ki riƙa cewa "ai ita mai kunya ce" a gabanta, kuma ki roƙi malamin kada ya raba kyautar wanda ya fi iya wasa.

In yaro mai i'ina ne, yawancinsu harshensu na sakewa a waƙa da magana tare da jama'a, don haka amshi ya dace da su ƙwarai, kuma kada a riƙa ƙarasa musu kalma. Amma in ɗiyarki ba ta furta ko kalma ɗaya a makaranta fiye da wata guda, ban da watan farkon shigarta, ko kin lura sai an ɗaga murya take juyowa, a kai ta asibiti a duba ji da sauran lafiyarta. Wasa ba ya maye gurbin likita.

Ni ban ga amfanin wannan abu ba. Mun tura yara su yi karatu, an mayar da su 'yan wasa. Yau wasan makaranta, gobe yaro ya ce fim zai shiga. Kuma wannan ai al'adar Turawa ce. Wani uba daga Gusau.

Alhaji, a kan cewa baƙon abu ne, a nan kam ba mu tare da kai. In azumi ya kwana goma, su wa ke fita da gemun auduga da sanda suna "Tsoho da gemu"? Su wa ke ɗaura layu da tarkace su zama Jatau mai magani? 'Yan mata na yin "Ga Mairama ga Daudu," suna kwaikwayon zaman aure tun ba su san shi ba. Kafin tashe ma akwai wasan 'yar tsana, inda ake ɗaura aure, a kai amarya, a yi suna, duk da kara da tsummoki. Matan fada sun yi wasan gauta suna kwaikwayon sarki da hakimansa, a Damagaram ana wasan kara ana kwaikwayon masu mulki. Abin da boko ya kawo shi ne rubuta wasa a takarda da dandamali. Malam Aminu Kano ma ya rubuta wasanni a ƙuruciyarsa, yana zolayar zalunci da jahilci.

Batun karatu kuwa, ga abin da za ka iya gani da idonka. A ce ɗanka zai fito a maƙeri. Ranar farko zai yi ta dukan iska da hannu biyu. Abokansa su ce ba haka ake yi ba, ina awartakin? Dole ya je maƙera ya tsaya. A can zai ga hannu ɗaya na riƙe da ƙarfe da awartaki yana juya shi a kan uwar maƙera, ɗayan na sauke masaba, ga yaro a gefe yana zuga. Zai dawo da tambayar da ba wanda ya ba shi: me ya sa wuta ke ƙara ja in an zuga, alhali in ka hura ashana mutuwa take yi? Malamin kimiyya yakan sha wahala kafin ya sa yaro ya yi irin wannan tambaya. Malami mai dabara yakan tura kowane ɗan wasa da tambaya uku ga mai sana'ar da zai kwaikwaya, ko ga kakarsa.

Amma damuwarka tana da tushe, kuma haƙƙinka ne ka bincika. Ka je ka ga gwajin da kanka, malamin da ya hana uba kallo akwai abin dubawa a lamarinsa. A yi shi a fili ko a aji mai buɗaɗɗiyar ƙofa, da manya biyu aƙalla, mace a cikinsu in akwai 'yan mata. Kada babba ya keɓe da yaro ɗaya da sunan ƙarin gwaji. A tashi kafin magariba, kada a ci lokacin salla ko na Islamiyya. Kada a ɗauki yaro a waya a sa a Facebook ko TikTok sai da izininka. Makarantu da yawa suna raba wasan maza da na mata daga manyan azuzuwa, kuma ba a fitowa a matsayin Annabawa ko Sahabbai. Abin da ya shafi hukunci, wannan na malamai ne, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa. Fim kuma sana'a ce daban. Dubban yaran da suka yi tashe, nawa ne suka zama 'yan fim?

Mun yi wata biyu muna shiri, yara sun haddace tsaf. Ranar bikin yaye ɗalibai ɗaya ya manta layinsa, duk suka tsaya kamar gumaka. Na baya kuma suka ce ba su ji komai ba. Ina muka kuskure? Malami daga Bauci.

Malam, haddar ce ta kashe ku. Yaron da ya haddace yana jiran kalmar ƙarshe ta abokinsa ne kafin ya saki tasa, kamar sarƙa. Zobe ɗaya ya tsinke, shi ke nan. Wanda ya san labarin kuwa, ya san abin da yake nema a fitowar, ko an ɓata zai ƙago wata maganar. Gwajin da ke maganin wannan: ka sa su yi wasan gaba ɗaya cikin minti uku da kalmominsu, sannan su yi shi ba magana sam, sannan su yi musayar matsayi. Ka kuma ajiye mai ba da labari a gefen fili, yaro mai kaifin kai. In an yi tsit ya ce da ƙarfi, "To Gizo, da ka ga ruwa ta ko'ina, me ka ce?" Jama'a za su ɗauka cikin wasan ne. Raɗa daga bayan labule ba ta aiki, yaro ya kan juya ya ce "Na'am?" a yi ta dariya.

Rashin ji yana da dalilai da yawa, kuma mafi yawansu na wuri ne. Ku sa bango a bayan 'yan wasa, yana mayar da murya gaba. Iska ta fito daga bayansu zuwa ga jama'a, rana kuma ta kasance a bayan 'yan kallo ko a gefe, don fuskokin yara su fito. Sahun farko taku uku daga fili, na ƙarshe kada ya wuce mita 10 zuwa 12, muryar yaro a waje ba ta kai fiye da haka. Tabarmi a gaba, benci a baya, a zagaye fili ta gefe uku. Ka ja layi da toka ka ce duk mai magana ya zo kusa da shi, ƙirjinsa na kallon jama'a. Makirfo ɗaya da ake miƙawa hannu zuwa hannu ya fi rashinsa muni, yana kashe motsi. In janareto na kusa, a kashe shi na minti 20.

Murya daga ciki take fitowa, ba daga maƙogwaro ba. Kowa ya dafa cibiyarsa, ya ja numfashi har hannun ya motsa, ya ƙirga ɗaya zuwa goma a numfashi guda. Kada ka ce "ɗaga murya," ihu za su yi su dishe. Ka tsaya a sahun ƙarshe ka ce, "Da ni kake magana." Minti biyu na maganar karya harshe kullum, irin "turmi ture kura, kura ture turmi," a hankali da farko, yana gyara fitar haruffa. A koya musu su dakata in an yi dariya, su bari ta fara lafawa.

Sai abin da ba laifin yara ba: a kan ajiye su a rana tun hantsi cikin kayan wasa, manyan baƙi na ta jawabi, sai azahar a ce su fito. Ka roƙi a sa wasan cikin awa ta farko, su karya kumallo, su sha ruwa, su zaga bayan gida kafin a fara.

Tun da ɗana ya fito a Kura, unguwa ba a kiransa sai Kura. Yanzu ya ce ba zai ƙara ba. Wata uwa daga Kano.

Gaskiyarsa, Hajiya. Kuskuren daga rabon matsayi yake farawa: a ba mai jiki Kura, a ba mai ƙiriniya ɓarawo, a ba ɗan gaban goshin malami sarki. Wannan tabbatar wa yaro sunan da aka riga aka laƙaba masa ne. Ya kamata kowa ya ɗanɗana mugu da nagari a lokacin gwaji, kuma a yi ƙuri'a ko a bar su su zaɓa. A ƙarshen kowace haɗuwa a tuɓe matsayin a fili: ya cire kayan, ya karkaɗe jiki, ya faɗi sunansa na yanka, saura su amsa masa da shi. Ranar wasa ma a gabatar da kowa da sunansa bayan an gama. Ki gaya wa malamin, ya tara yaran ya hana, sannan a wasa na gaba ɗanki ya fito a alƙali ko makamancinsa, in ya yarda. Kada a matsa masa. Haka nan abin da wasu wasannin tashe ke yi na kwaikwayon hausar wata ƙabila ko tafiyar gurgu don a yi dariya, a bar shi a waje. A ajin akwai wanda abin ya shafa.

Dole ne wasan yara ya ƙare da wani ya fito ya faɗi darasin da ke ciki? Ɗalibar kwalejin ilimi, Zariya.

Ba dole ba ne, kuma mu mun fi son a bari. Da zarar an ce "darasin shi ne," yaro ya rufe kansa, an gama masa tunani. Ki gwada hanyar Augusto Boal, wani masanin wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Barazil: a yi wasa gajere, minti biyar, a kan matsalar da yaran suka sani, kamar babban yaro da ke ƙwace wa ƙanana kuɗin tara. A kai shi inda abu ya ɓaci, a tsaya. A sake farawa, duk ɗan kallon da ke da dabara ya ce "Tsaya!" ya shigo ya karɓi matsayin wanda ake zalunta ya gwada. Mai fitowa a azzalumi kada ya sauƙaƙa masa. A gwada dabara uku ko huɗu, a tambayi aji wacce za ta yi aiki a gaske. Ba ki yi nisa da gidan wannan aiki ba: tun shekarun 1970 sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ke fita Samaru da ƙauyukan kewaye yana gina wasa daga matsalolin mutanen wurin. Sai dai da yara, kada a ɗauko sirrin gidan wani, kada a ambaci sunan kowa. In kuma yaro ya faɗi abin da ke nuna ana cutar da shi, a dakatar cikin hikima, a saurare shi a gefe, a sanar da shugaban makaranta.

Muna so mu yi fuskokin dabbobi da wasan inuwa, amma na farko da muka yi da takarda duk sun yi funfuna sun yi wari. Ku ba mu ma'auni. Mai kula da wata ƙungiyar yara a Jos.

Funfuna daga jiƙa take, wato kun jera takarda da kauri ba ku bari ta bushe ba, wataƙila kuma da damina. Ga yadda ake yi. A dama kofi ɗaya na fulawa da kofi ɗaya na ruwan sanyi har gudaji su mutu, a juye cikin kofi huɗu na tafasasshen ruwa, a yi ta juyawa minti biyu zuwa uku har ya yi kaurin koko. A zuba gishiri cokali biyu, a bari ya huce. Wannan zai ishi fuska shida zuwa takwas, kuma na ranar ne, in ya kwana biyu tsami yake yi.

A kifa ƙwarya daidai faɗin fuskar yaro, a lulluɓe ta da leda don kada takarda ta manne. A yayyaga tsohuwar jarida da hannu, faɗin yatsa biyu. Yagaggen baki ya fi kwanciya a kan wanda aka yanka da almakashi. A duba jaridar tukuna, a ware duk shafin da ke da aya ko sunan Allah. A tsoma, a tatse da yatsu biyu, a shimfiɗa. Shimfiɗa biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, a shanya har ta bushe ƙarau, sannan a ƙara biyu. Da hunturu wuni ɗaya ya isa, da damina sai kwana biyu ko uku a wuri mai iska. In ka ƙwanƙwasa ka ji sanyi ko laushi, da saura. Kunnuwa da hanci kwali ne, a liƙa su tsakanin shimfiɗa ta biyu da ta uku.

Ku yi rabin fuska, daga goshi zuwa hanci. Cikakkiyar fuska na toshe murya, ga zafi. A gwada a fuskar yaro, a sa alama da alli, a cire, babba ya huda idanu da reza. Ba a yanka komai fuska na jikin yaro. Hudar ta yi faɗin bakin kwalbar lemo ko fiye, ƙaramar huda ce ke sa karo da faɗuwa. A ɗaura da roba ta ɗinki. Launi: fentin ruwa na makaranta, ko farar ƙasa, bula da gawayi. Ban da fentin mai, warinsa na sa ciwon kai. A fatar yaro kuwa kada a shafa baƙin cikin batir ko kwalli don yin gashin baki, kwallin dutse yakan ƙunshi dalma. Gemun auduga a ɗinka shi a ƙyalle a rataya a kunne, ban da gam. Wuƙa da takobi na kwali ne, wuta kuma jan ƙyalle. In an gama a rataye fuskokin a ƙusa, ɓera da kyankyaso na son fulawa.

Wasan inuwa ya fi sauƙi. Farin zanen gado, kamar mita biyu a faɗi da ɗaya da rabi a tsayi, a ja shi ya miƙe sosai. Tocila ɗaya mai ƙwai guda, a kafa ta a kan kujera mita biyu a bayan zanen. Mai ƙananan ƙwayaye da yawa tana ba da inuwa mai baki biyu-uku. Ban da kyandir da aci-balbal. A yanka dabbobin a kwali ta gefe, ba ta gaba ba, a soke su a tsinken kara mai tsawon kamu biyu. Ɗakin ya yi duhu, masu riƙewa su durƙusa ƙasa da hasken.

Kafin ka shirya labari, ka ba su minti 15 su yi wasa da hasken kawai. Wani zai ja kurarsa baya wajen tocila ya ga ta cika zane amma bakinta ya dushe, ya matso da ita jikin zane ta ƙanƙance ta fito fes. Za su tambaye ka dalili. Ka miƙa musu igiya da alli, ka ce su auna tsawon inuwar a taku ɗaya daga tocila, sannan a taku biyu, su rubuta a ƙasa, a kawo maka mako mai zuwa.